Fegin Yunwa a Gonar Sakajiki

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da bawana ya gudu ya bar ni. Kada Malam Edita ya razana ya turo mini 'yan sanda, Sha'aibu nake nufi, ɗan ƙanwar mahaifina. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka a dokar taubasantaka bawana ne tun ranar da aka raɗa masa suna, ko da yake shi ne mai digiri, ni kuwa a aji huɗu na elemantare muka yi sallama da boko cikin mutunci. Ya rasu ƙarshen damina, dawa ta fara fitar da kai. Duk shekara idan na ga dawa ta kai nan sai in ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji. Bana na ce bari in rubuta. Tunda yanzu an ce muna da jiha tamu ta kanmu, ai jarida ta iya sauraron tsohon mai awo na Kauran Namoda.

Ni sana'ata sikeli. Na fara awon gyaɗa a bakin tashar jirgi tun ana shirin saukar da tutar Turawa, da gyaɗa ta mutu na koma awon hatsi. Shi kuwa Sha'aibu ya yi ta karatu, har muka fara zaton ba za a sake shi ba. Da ya dawo sai ga shi da wani ƙarfe mai murɗi, yana bin gonakin mutane yana huda ƙasa, yana ɗura ta cikin 'yan jakunkuna yana ɗaure bakinsu kamar ya sami zinariya. Na ce wa mahaifiyarsa, Gwaggo Hajo, an cuce ta, don wasan ƙasa muka bar shi yana yi, wasan ƙasa muka same shi yana yi, sai dai yanzu gwamnati na ba shi babur.

Duk da haka a lokacin mutum ne kamar kowa. Ka tambaye shi abu ya ba ka amsa. Abin da ya lalata shi wani kwas ne da aka tura shi Zariya, bayan babban farin nan da ya kashe shanu. An tara masana ƙasa da masana ciyayi da itatuwa, aka ce duk iliminsu aikin banza ne idan ba su iya wani lissafi ba. Sunansa na Turanci bai taɓa yarda ya zauna a bakina ba, ni dai lissafin bambanci nake ce masa. Wata da watanni yana can yana juya wani injin lissafi mai mariƙi kamar injin markaɗe. Ya dawo a rame, kuma daga ranar ba ka isa ka ce masa tuwon yau ya yi daɗi ba sai ya ce, "Ya fi wanne? Sau nawa ka ci?"

Bai tsaya a kansa ba, sai da ya yaɗa abin. Ya tara malaman gona na Kaura da na Shinkafi da na Zurmi a ƙarƙashin darbejiyar ofishinsu, zai koya musu. Abokin aikinsa Mista Bitrus, mutumin kudancin Zariya da ke zaune a Sabon Gari, wanda ya san sunan kowace ciyawa har da ta kan kabari, shi ne mai riƙe alli. Ni kuma aka ce in zo da sikelina. Na je ne don in yi dariya, kuma na yi, amma ban dawo da ita duka ba.

Buhun gero ɗaya ya sa aka zazzage a tabarma, ya miƙa tiya ɗaya, ya ce kowane malami ya auno cikinta ya kawo mini. Gero ɗaya, tiya ɗaya, sikeli ɗaya. Wallahi babu awo biyu da suka zo daidai. Na fara zargin sikelina, na duba shi, lafiyarsa lau. Sha'aibu ya ce babu wanda ya yi ha'inci, haka duniya take, ko kai kaɗai ka maimaita sai an sami ɗan ragi da ɗan ƙari. Ya ce wannan shi ne hayaniyar cikin gida. Sannan ya ce to idan wani ya zo ya ce maka tiyar Zurmi ta fi ta Shinkafi ciko, kada ka yarda kuma kada ka ƙaryata. Sa mutanen Zurmi su auna sau da yawa, na Shinkafi su auna sau da yawa. Idan tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu ta fi hayaniyar da ke cikin kowane gari nesa ba kusa ba, to magana ta tabbata. Idan ba ta fi ba, ka riƙe bakinka.

Wani malamin gona daga Zurmi ya ce, "Ranka shi daɗe, to in ido ya gani hwa?"

Sha'aibu ya ce, "Ido na da dangi, Malam. Yana da abin da yake so ya gani."

Iyakar abin da na fahimta ke nan, kuma na gaya muku shi yadda na ji. Sauran duk ninkawa ne da rabawa, da wani dogon allo na lambobi da yake dubawa a ƙarshe kamar mai duban wata. Amma gindin abin shi ne riƙe baki. Gwamnati ta ɗauki ɗan Gwaggo Hajo ta kai shi Zariya ta koya masa riƙe baki, abin da na yi shekara talatin ina koya masa kyauta bai ɗauka ba.

Akwai abin da ke cin sa, kuma ba ƙarami ba ne. Lokacin ne takin zamani ya fara shigowa da ƙarfi, mota-mota, har jirgi na sauke shi. Mutane suka ga abin al'ajabi, ka barbaɗa farin abu kamar gishiri, kwana kaɗan dawa ta yi baƙi ƙirin. Sai aka fara raina jaki da mangala, wa zai yini yana jidar toka da kashin awaki. Sha'aibu yana zargin cewa jigawarmu ta riga ta fi yadda muke zato yunwa, kuma farin takin nan shi kaɗai yana ɓoye yunwar ne, ba ya maganinta. Yana zargin wata rana za a zuba a ga ba ta amsa ba. Zargi ne kawai, shi da kansa yake faɗa. Yana so ya kai wa manyansa a Sakkwato magana mai ƙafafu, ko a canza abin da ake koya wa manoma tun da sauran lokaci. Aka ba shi damina uku. Aka ce idan ya kawo abin kamawa za a ƙara masa shekaru da ma'aikata, idan bai kawo ba a rufe zancen.

Ya nemi gona uku: ɗaya a Jangeru wajen Shinkafi, ɗaya a ƙasar Zurmi, ɗaya kuma ta mahaifina, Malam Audu, a Sakajiki. Kowace ya yanka ta fegi-fegi da igiya da turaku. Wani fegin takin zamani, wani takin gida, wani duka biyun, wani kuma ba a ba shi komai. Kowane iri sai an maimaita shi wuri-wuri a cikin gonar, saboda hayaniyar nan ta cikin gida. Kuma ba shi ke zaɓar inda kowane zai faɗa ba, ƙuri'a ake yi, don kada hannunsa ya karkata ya ba abin da yake so ƙasa mai kyau. A cikin hulata aka kaɗa ƙuri'ar Sakajiki. Ita ce kaɗai gudummawar da kaina ya taɓa bayarwa ga ilimi.

Wanda ba a ba komai ɗin nan, mu muka sa masa suna fegin yunwa. Sha'aibu ya ce shi ne uban tafiyar. Shi zai faɗi abin da ƙasa ke iya yi da ƙarfinta. Idan babu shi, ba ka san ko taki ya ɗaga ka daga rami ne ko daga tudu ba.

Sai dai a Zariya an koya masa ƙasa da lamba, ba a koya masa kawunsa ba. Baba mutum ne da bai taɓa cin abincin almuru ba sai ya tabbata jakinsa ya ci. Daminar farko, da dawa ta kai gwiwa, fegin yunwa ya yi rawaya a tsakiyar kore. Baba ya tsaya ya dube shi kwana biyu. Rana ta uku ya ɗora mangala, da rana tsaka, ba ɓoye ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ciyar da su. Da Sha'aibu ya zo ya gani sai ya zauna a kan kunya ya riƙe kai. Baba ya ce masa, "Ɗan nan, na ga kun manta da waɗanga, na cika maku. Aiki ya yi maka yawa, na sani." Jira yake a gode masa. Kuma Sha'aibu ya gode, don babu bakin da ɗan mace zai buɗe ya yi wa kawunsa faɗa a kan ya ciyar da mai jin yunwa.

Ya yi ƙoƙarin bayani daga baya, a zaure, cikin ladabi. Baba ya saurara har ƙarshe ya ce, "Na ji. Amma ƙasa amana ta. Ran da ta kai ƙarata wurin Allah, ta ce na ba maƙwabciyata na hana ta ina kallo, kai za ka tsaya min ko Baturen da ya koya maka?"

Sauran gonakin ma ba su tsira ba, kuma ko'ina alheri ne ya kashe shi. A Zurmi mai gona ya ga baƙon gwamnati zai zo awo, ya ce ba zai bari a same shi da aiki a tsaye ba. Ya kira gayya, aka girbe, aka ɗaure, aka tara dammunan duka wuri guda tsaf-tsaf. Muka iso da sikeli muka tarar da tsibi ɗaya da fura mai sanyi. Babu wanda ya san wane dami daga wane fegi ya fito. A Jangeru kuwa da rani mai gona ya sauke Fulani a gonar, yadda kakanninsa ke yi, shanu suka kwana wata guda a kanta, suka raba arzikinsu ba tare da duba turakun Sha'aibu ba. Mutumin har ya aiko da albishir. Damina ta biyu ruwa ya ɗauke lokacin da ake bukatarsa, mai taki da marar taki duk suka zama 'yan uwan juna a wahala. Saura damina ɗaya, kuma gona ɗaya ce ta rage wadda za a iya farawa sabo a cikinta, ta Sakajiki. Ɓangaren da taki bai ɓata ba kuwa shi ne na bakin hanya, inda duk mai zuwa kasuwar Kaura zai bi.

Wannan karon bawana ya yi dabara, ya tura uwarsa. Gwaggo Hajo ta zo ta zauna gaban wanta ta ce, "Yaya, abu guda na zo roƙo, ban taɓa roƙonka komi ba tun da anka kai ni ɗaki." Baba bai iya ce mata a'a, ita ce autarsu. Ya ce ya yi alkawari, hannunsa ba zai taɓa fegin yunwa ba har a yi girbi.

Damina ta yi kyau a shekarar, irin wadda Sha'aibu ke addu'a. Kuma ƙasa ta yi magana da babbar murya. Fegin yunwa bai tsaya rawaya ba, dawar ta tsugune ta ƙi tashi, ƙuduji, ciyawar nan mai tsotse dawa, ya fito ya yi mata fure a gindi. Gonar ta zama kamar kan da makero ya ci. Sha'aibu na zuwa duk mako da babur yana auna tsawon kara, yana murna yana ɓoyewa. Bitrus ya ce mini, "Alhaji, bana kam ko makaho zai sa hannu a takardan nan." Ba ni da Hajji a lokacin, shi ya ba ni, kuma ban mayar ba.

Ku 'yan birni ba za ku gane abin da gonar bakin hanya take ba. Fuskar mutum ce. Daga ita ake sanin ko yana da lafiya, ko 'ya'yansa na jin maganarsa, ko gidansa gidan da za a nemi aure ne. Baba ya shekara arba'in ana nuna gonarsa ana yi wa rago gori da ita. Yanzu masu jakuna na wucewa suna rage tafiya. A kasuwa aka fara tare ni. "Lahiya dai Malam Audu? Ko jikin ne?" Wani ya ce mini ai abin kunya ne ina awon hatsin duniya a Kaura ubana ya rasa mai kai masa taki. Na yi bayanin hayaniyar cikin gida har muryata ta dushe. Suka ce to, Allah shi kyauta, da irin muryar da ake yi wa mai taɓin hankali.

Duk wannan Baba ya shanye. Abin da ya karya shi, wani maƙwabcinsa ne talaka, mutumin da Baba ke ba zakka duk kaka. Ya zo da safe da jakinsa da mangala cike da taki, ya tsaya ƙofar gida yana sunkuyar da kai, ya ce don Allah Malam ya karɓa, babu wanda zai ji. Tsakaninsa da Allah ya yi. Baba ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, ya ce ya mayar. Daga ranar ya daina bin hanyar gonar. Ya daina zama a dakalin ƙofar masallaci bayan la'asar. Kwanon tuwonsa ya fara dawowa da saura.

Ni na ga wannan duka, kuma ban san wanda zan bi ba. Na je wurin Baba da niyyar in ce ya yi haƙuri saura kaɗan, na tarar da shi yana kallon bango, na kasa. Na je wurin Sha'aibu da niyyar in ce ya saki tsohon nan, na tarar da shi yana jera lambobinsa fuskarsa kamar ango, na kasa. Na koma bakin sikelina na ci gaba da awon geron mutane. Mutum mai baki irina, wanda ya taɓa sa mai unguwa kuka da ba'a, na yi wata guda ban sami abin cewa ba.

Sha'aibu ya gani da kansa. Ya shiga zaure gaisuwa wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ina nan. Baba ya amsa, sannan ya ce, "Alkawali na nan, ɗan nan. Ban taɓa ba." Sai kuma ya tambaya, a hankali, ba ya kallon kowa, "Wata nawa ya rage?" Sha'aibu ya ce biyu da 'yan kwanaki. Baba ya ce, "To. Allah shi kai mu." Ya gyara rigarsa, sai muka ga yadda wuyansa ya fita daga cikinta.

Bawana ya fita bai yi sallama ba. Muka ji babur ya tashi. Kafin azahar ya dawo da rabin buhun farin taki a baya, Bitrus na biye da shi a keke yana haki. Na bi su gona. Sha'aibu ya naɗe hannun riga ya shiga fegin yunwa na farko ya fara zubawa gindi-gindi, a kan idon duk mai wucewa.

Bitrus ya ce, "Oga! Oga, kai da kanka? Shekara uku fa!"

Ya ci gaba da zubawa.

"Oga, ka bar ko guda biyu. Ko guda ɗaya."

Ya ce, "Ɗaya ba ya shaida, Bitrus, kai ka rubuta a allo. Kuma ɗayan ma daga hanya ana ganinsa."

Na buɗe baki in yi masa tsiya, don aikina ke nan a duniya. Na ce, "Bawa, ashe ka iya noma." Ko ni ban ji daɗinta ba. Ya miƙo mini kwano ya ce in ba zan taya ba in matsa daga hasken rana. Ban taya ba, ban matsa ba. Na tsaya riƙe da kwano har ya gama. Bitrus ya zauna gindin wata gawo ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, kamar yadda suke yi idan an yi musu mutuwa.

Kwana goma gonar ta haɗe ta zama kore ɗaya. Baba ya koma dakalinsa, kwanonsa ya koma dawowa wayam. Kuma har ya koma ga Allah, shekara biyu bayan haka, bai taɓa gane abin da aka yi masa ba. Abin da ya ɗauka shi ne yaro ya dawo hankalinsa. Yakan faɗa da alfahari a cikin mutane, Sha'aibu na zaune, "Boko bai cinye muna shi duka ba. Da ya ga gaskiya da kainai ya ɗauko taki." Sha'aibu ya ce, "Haka ne, Kawu."

Da kaka muka auna, fegi-fegi, yadda ya kamata, karo na farko ba wanda ya haɗa mana dami. Ya juya injinsa kwana da kwanaki. Fegin yunwa ya riga ya fita daga shaida. Sauran ukun akwai ɗan bambanci tsakaninsu, ya karkata inda yake zargi, amma bai fi hayaniyar cikin gida ba. Na ce masa, "Kai wawan ina ne? Ka ga gonar nan da idonka, Bitrus ya gani, duk Sakajiki ta gani. Ƙiyasta abin da fegin zai bayar ka rubuta. Ni mai sikeli ne, in na kalli gona na san damin da ke cikinta." Ya ce ya sani, kuma watakila ƙiyasina ya fi na kowa kusa. Amma ranar da ya rubuta nauyin da ba a ɗora a sikeli ba, ya zama ɗaya daga cikin mutanen da aka tura shi Zariya don ya daina zama. Ya rubuta wa Sakkwato cewa bai iya tabbatar da komai ba.

Suka rufe zancen kamar yadda suka ce. Suka ba shi ƙarin girma, suka sa shi kula da sito. Sauran shekarunsa ya yi su yana raba wa manoma farin takin nan, buhu-buhu, yana cewa kowa, "A haɗa da na gida, don Allah." Idan an tambaye shi dalili sai ya ce shawara ce kawai. Wa ke jin shawarar mai sito?

Yanzu ga mu da jiha sabuwa fil. Ina murna, na yi rawa daidai gwiwata. Kullum rediyo na gaya mana wani sabon iri ya ninka amfani, wani sabon taki ya farfaɗo da ƙauye kaza. Ina jin su sai in ji muryar Sha'aibu a bayan kunnena tana tambayar ya fi wanne, gona nawa aka gwada, wa ya zaɓi gonar. Na tabbata da yana nan da an kore shi daga taro uku kafin azumi. Makarantar kimiyya na nan a garinmu cike da samari masu injin lissafi ɗan mitsitsi da ke shiga aljihu, abin da Sha'aibu ya kwana bakwai yana juyawa su kafin shayi ya huce sun gama. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ko har yanzu ana barin fegi da yunwa. Ya ce sosai, amma a gonar gwamnati, cikin waya, inda babu kawun kowa. Na ce madalla. Sai dai ƙasar cikin waya ba ita muke nomawa ba, kuma ban san yadda za a yi da wannan ba. Saurayin ma bai sani ba.

Gonar Sakajiki tana hannuna. Ina zuba mata abin da Baba bai taɓa mafarkin zubawa ba, tana ba ni abin da Baba zai ji kunyar kai wa rumbu. Ƙuduji ya mamaye gefen hanya. Zuciyata na ce mini Sha'aibu ya yi gaskiya. Amma gona ɗaya ce, tsoho ɗaya ne, ruwan ma ba kamar da ba, ƙarfin hannuna ma ba kamar da ba. Ya lalata ni, ko a cikin raina ba na iya cewa ya yi gaskiya in huta. Abin da ya bar mini ke nan. Wasu taubasansu sun bar musu riga ko agogo, ni nawa ya bar mini shakka.

A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi a asibiti, na tarar ya ɗan sami sauƙi, sai na ce bari in tsokane shi ko ya yi dariya. Na ce, "Bawa, tsakaninka da Allah, ka yi nadamar rabin buhun nan?" Na zaci zai ce a'a, irin ta mutanen kirki, ko ya ce e, irin ta masu gaskiya. Ya ɗaga ido ya kalli silin. Ya ce bai sani ba. Ya ce ya juya abin ta kowace fuska. Da ya bari, watakila da an ƙara masa shekaru, watakila da gonaki da yawa sun amfana, watakila kuma da takardar ta kwanta a wani ofis ɓera ya ci. Watakila da Kawu ya kai kaka lafiya, watakila da bai kai ba. Sai ya juyo ya dube ni, da ɗan murmushin nan nasa mai ban haushi.

"Da an ba ni kawu huɗu, Mamman, da na gwada na gaya maka. Guda aka ba ni."

Na yi dariya don ya ji daɗi, na fita baranda na tsaya inda ba zai gan ni ba.

Na yi kusan shekara arba'in ina ɗora kayan mutane a sikeli ina faɗa musu nauyi ba tare da na yi inda-inda ba. Na sha ɗora wannan: tsoho ɗaya da ya koma cin tuwonsa a gefe guda, ƙasar garuruwa uku a ɗaya gefen. Wata rana nan ya rinjaya, wata rana can. Ban iya yanke masa hukunci ba, kuma na lura shekaru ba sa taimakawa. Ubana ne aka saya wa shekara biyu na zaman dakali, da me zan ce an yi tsada? Jikokina ne za su gaji gonar, da me zan ce an yi araha?

Allah ya jiƙan Sha'aibu ɗan Hajo, ya jiƙan Malam Audu, ya ba Bitrus lafiya a duk inda yake. Masu karatu, duk wanda ya kai nan ya yi masa Fatiha. Ya Allah, idan an zo yi wa bawana awo, kada a tsananta masa lissafi kamar yadda ya tsananta wa kansa. A duba shi da ido kawai.